Kada Mu Jira Farantin Roba

'Yan'uwa manoma, a taronmu na bayan girbi, da aka zo maganar sayen famfo mai aiki da hasken rana domin noman rani, waɗansu sun ce a dakata. Sun ji labari ana ƙera faranti na roba, marar nauyi, wanda za a iya naɗewa kamar tabarma, kuma zai yi araha. Lalle ana ƙera shi. Amma mu dai a ganinmu jira ba dabara ba ce. Ga dalili.

Robar da muka sani ba ta ɗaukar lantarki. A 1977 masana uku, Heeger da MacDiarmid da Shirakawa, suka gano wata irin roba da ke ɗauka, har aka ba su kyautar Nobel a 2000. A 1992, a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, aka nuna cewa in haske ya bugi irin wannan roba, takan miƙa ƙwayar lantarki ga wani sinadari mai suna C60. Ɗaya mai bayarwa, ɗaya mai karɓa. Daga wannan miƙawa wutar take fitowa.

To, ga inda wuyar take. Ƙarfin da haske ya zuba cikin robar ba ya tafiya nesa. A raba milimita ɗaya kashi 100,000, kamar kashi ɗaya ne iyakar tafiyarsa. In bai tarar da mai karɓa a nan ba, ya salwanta. Saboda haka tun 1995 ake cuɗa sinadaran biyu, kamar yadda ake dama fura da nono. Zafi yakan ɓata wannan cuɗi, iska da laima kuma sukan ci robar. Kowa ya san zafin watan Afrilu a fadama.

Zuwa 2024 masana sun kai ga juya kusan kashi 20 cikin 100 na hasken zuwa wuta, amma a ɗakin gwaji, a kan ɗan guntu da bai kai farce ba. Farantin silikon da ke kasuwa yana ba da kimanin haka a fili, masu ƙera shi kuma sukan ɗauki lamuninsa har shekara 25. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kuɗin ƙungiya amana ne. A ciki akwai guminmu, akwai na gwauraye da zumuntar mata. Kowane rani da muka zauna jira, kuɗin fetur yana cinye ribar tumatir da albasa. Shawararmu ita ce mu sayi na silikon bana, mu karɓi takardar lamuni a rubuce, mu sa matasa biyu su koyi share ƙura da duba wayoyi. Ranar da na roba ya nuna zai jure wa zafinmu, za mu karɓe shi da murna.

Ubangiji wanda ya ba mu rana ya ba mu hikimar amfani da ita.