Dajin Rugu Ba Allon Dara Ba Ne

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a tsakanin 'yan bokonmu. In ana so a yabi shugaba da hangen nesa, sai a ce yana tafiyar da mulki kamar mai buga ces, watau darar nan ta Turawa wadda Larabawa ke kira shaɗranji. In kuwa aka ga ɗalibi ya duƙufa a kan kwamfuta yana buga Age of Empires ko StarCraft, sai a taɓe baki a ce wasan yara. Mu dai mun ƙi wannan hukunci, kuma hujjarmu tana Batsari da Safana.

Bari mu fara da ces. Asalinta ƙasar Indiya, wajen ƙarni na 6, daga can ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa ta isa Turai. Gida 64 ne a allonta, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Kana ganin duk abin da abokin karawarka ya mallaka, shi ma yana ganin naka. In ka taka sai ka jira ya taka. Dakarunka ba su jin yunwa, ba su neman albashi, kuma da zarar an ritsa sarki wasa ya ƙare. Dararmu ta gargajiya mai gurbi 30 ita ma haka take: kome a fili, kowa da lokacinsa.

Su kuwa wasannin yaƙi na kai-tsaye, waɗanda Dune II ya shimfiɗa wa tsari a 1992, ba a jiran kowa a cikinsu. Kana gini abokin gaba yana gini, kana tunani yana tafe. Taswirar a lulluɓe take da hazo, ba ka ganin kome sai inda mutanenka suka taka, don haka dole ka aika ɗan leƙen asiri tun da fari. Bugu da ƙari, a Age of Empires II na 1999 ba ka da rundunar soja sai ƙauyawanka sun tara abinci da itace da zinariya da dutse. Duk gwani ya san hanyar karya abokin gaba ita ce a auka wa manomansa. Mai cewa wannan wasan yara ne ya duba tarihi: kwamfutar Deep Blue ta ka da Garry Kasparov a ces tun 1997, amma sai a 2019 AlphaStar ta kai matsayin manyan gwanaye a StarCraft II. Shekara 22 ke nan a tsakani.

To, jama'a, wanne daga ciki ya yi kama da abin da ya sami ƙauyukan bakin Dajin Rugu? Mai ces ya ɗauka in an kama sarki shi ke nan. An kashe Buharin Daji a Zamfara a watan Maris na 2018, aka yi ta murna, sai ga daba ɗaya ta haifi dabobi barkatai, kowace da nata uban. Mai ces ya ɗauka in ya taka, abokin gaba zai zauna ya yi nazari. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga, ta koma tana jiran amsa. Amsar ta zo a watan Fabrairu na 2020, sa'ad da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari, kana a watan Afrilu aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma.

A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Toshe wa maƙiyi hanyar mai da abinci dabara ce mai kyau, ba mu musa ba. Amma yanke waya ya hana talaka kiran agaji cikin dare, watau mun ƙara wa kanmu hazo da hannunmu. Yaron da ya yi mako guda yana StarCraft ba zai tsone idon ɗan leƙen asirinsa ba.

Mafi muni shi ne yadda aka ɗauki manomi. A ces, ƙaramin soja abin sadaukarwa ne, ana ba da shi don a sami gurbi mai kyau. Su kuwa ɓarayin daji sun gane tun tuni cewa gona da garke su ne ƙashin bayan yaƙi, shi ya sa suka kore shanun huɗa, suka hana noma, suka aza wa ƙauyuka haraji. Ashe jahilin da ke daji ya fi mai digiri fahimtar tattalin arziki? Haba!

Za a ce mana ces tana koyar da haƙuri da zurfin tunani, wasan kwamfuta kuwa yana cinye lokacin karatu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe littafi a kama linzamin kwamfuta ba. Mun kuma san iyakar misalinmu: a cikin wasa, in aka kashe baƙauye sai ka biya abinci 50 a ba ka wani. Matar da aka mayar gwauruwa a Tsauwa ba wanda zai mayar mata da mijinta.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, waɗanda gobe su ne sakatarori da shugabannin ƙananan hukumomi: a saurari labarin da mai unguwa ya kawo tun kafin babura su iso, a tsare manomi a gonarsa kafin a tsare fadar gwamnati, kuma ko an yi sulhu kada a runtse ido, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.