Sanarwar Bayan Taron Masu Shagunan Kwamfuta da Masu Ƙera Manhaja na Magarya da Dungas

Mu masu shagunan buga takardu, sakatarorin makarantu da matasa masu ƙera manhaja na gundumomin Magarya da Dungas, jihar Damagaram, mun zauna a garin Magarya don tattauna yadda ake raɗa wa fayil suna. Mahalarta sun zo daga Bande, Waca, Yekuwa, Malawa da Dogo-Dogo.

Taron ya saurari koken wata makaranta da ta tara sakamakon ɗalibanta, ta matse shi wuri guda ta aiko shago a buga. Da aka buɗe a tsohuwar kwamfuta, sunayen fayilolin da ke ɗauke da ƙ ko ɗ ko é na Faransanci suka fito a hargitse, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a gane na wane aji ne, iyaye kuwa suna tsaye a bakin ƙofa. Wani matashi kuma ya nuna mana manhajar koyon karatu da yake haɗawa don wayar Android. Ta ƙi haɗuwa saboda hoto guda da ya sa wa suna Ƙofa. Ƙa'idar Android ita ce sunayen irin waɗannan hotuna ba sa karɓar komai sai ƙananan haruffa daga a zuwa z, lambobi, da layin ƙasa.

Taron ya tunatar da mambobi cewa Windows ba ta yarda da waɗannan alamomi tara a sunan fayil ba: \ / : * ? " < > |. Ta haramta wasu sunaye ma ɗungurungum, irin su CON, PRN, AUX da NUL. A cikin alamomin, wanda ya fi cinmu shi ne karkataccen layi (/), domin da shi muka saba rubuta kwanan wata tun daga aji. Haka nan Windows tana ɗaukar Hoto da hoto a matsayin suna ɗaya, amma Linux, wadda akasarin rumbunan intanet ke aiki da ita, tana ganinsu abu biyu. Shi ya sa aiki kan tafi lafiya a shago, a ɗora shi a intanet ya ƙi buɗewa.

Saboda haka taron ya amince cewa duk fayil ɗin da zai fita daga hannun mai shi, a rubuta sunansa da ƙananan haruffa marasa ƙugiya, ba tazara, a raba kalmomi da layin ƙasa. Kwanan wata a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025_06_15, don fayiloli su jeru da kansu. A guji alamar (') da ke cikin kalmomi irin su ma'aikata, domin takan yanke umarnin da aka ba kwamfuta a tsakiya. Sunan gari kuma a tsaya kan rubutu ɗaya. Tun da aka cire Dungas daga Magarya a 2011 takardunta ke yawo, wani ya rubuta Dungass, wani Doungass, wani Dungas, mai nema ya samu kashi ɗaya ya ɗauka shi ke nan.

Inda aka fi jan muhawara shi ne tsoron da malamai suka bayyana, kuma taron ya ba su gaskiya: kada wannan ƙa'ida ta zama hujjar yasar da ƙugiya a cikin rubutu. Iyakarta sunan fayil da sunan ƙunshin manhaja. Abin da mai karatu zai gani, a takarda ko a fuskar waya, dole ya fito da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikakku. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999, a cikinta muke rubuta ƴ inda ƴan'uwanmu na Kano da Katsina ke rubuta 'y, kuma tsarin Unicode ya tanadi kowanne daga cikin haruffan nan, babba da ƙarami. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba daidai ba ne a wannan lokaci yaro ya buɗe manhajar da ɗan garinsu ya ƙera ya tarar an mai da masa baƙi baki.

Muna kira ga masu shaguna da su liƙa waɗannan ƙa'idoji kusa da kowace kwamfuta, su koya wa yaran shago. Muna kuma roƙon hukumomin ilimi na Magarya da Dungas, da malaman kwamfuta na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da su taimaka a saka allon rubutu mai haruffan Hausa a kwamfutocin makarantunmu.

Sakataren taro, a madadin mahalarta