Allurar rage ci ba za ta gyara tukunyar gidanmu ba



Satin da ya wuce, bayan shirinmu na lafiya, wata baiwar Allah ta kira ni. Maigidanta na fama da ciwon sukari shekara shida ke nan. Ya ga bidiyo a TikTok ana cewa a bar tuwo da shinkafa, a nemi allurar da ke kashe kwaɗayin abinci, ciwon zai tafi. Allurar bai samu ba, amma tuwon ya bar shi kwata-kwata, ga shi yana shan ƙwayoyinsa kamar kullum. Kwana uku sai ga shi zube a rumfarsa ta kasuwa, jiki na kyarma, zufa na zuba. Allah ya sa bai suma ba, maƙwabcinsa ya gane, ya jiƙa sukari ya ba shi. Sukarin jininsa ne ya faɗi ƙasa. Tambayar matar ɗaya ce: "Malam, mu sayar da akuyoyina mu nemo masa allurar nan?"

Ni ba likita ba ne, amma abin da na gaya mata shi zan gaya muku: Hajiya, riƙe akuyoyinki tukuna.

Mu yi wa allurar adalci, magani ce ta gaskiya. Wadda aka fi ji ita ce Ozempic, ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak, Amurka ta amince da ita a 2017. Sau ɗaya ake yi a sati. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci: abinci ya daɗe a ciki, mutum ya ƙoshi da wuri, jiki kuma ya saki insulin lokacin da sukari ya hau. Masu nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, da yawa sun amfana.

To amma mu duba inda muke zaune. Ga tsada, kuma ba sha ɗaya ba ce: in aka daina, yawanci yunwa da ƙiba sukan dawo. Kafin a buɗe ta, a firigo take zama. Bayan an buɗe, ba ta son zafin da ya wuce digiri 30. Mu da watan Afirilu ke kai mu sama da 40, ga kuran na zuwa yana tafiya, wa zai rantse maka a sanyi ta taho? Sannan ga jabu. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil, Ingila da Amurka. In an yi wa waɗannan ƙasashe haka, ina ga mai saye ta WhatsApp? Takan sa tashin zuciya, amai da zawo, ba a yi wa mai ciki, kuma ba ta maye gurbin insulin ga mai nau'i na ɗaya. In likitanka ya rubuta maka, kana da hali, ka saya a farmasi, madalla. In ba haka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai batun rejim. Gaskiya ne tuwo, shinkafa, burodi, taliya, masa da fura duk sukari suke komawa a jini, rage su kuma na taimakawa ƙwarai. Amma ragewa daban, yankewa daban. Ƙwaya irin glibenclamide tana sa jiki fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba; haka ma allurar insulin ba ta jiran kalaci. Abin da ya kayar da mijin Hajiya ke nan. Duk mai niyyar canza cinsa, ya fara gaya wa likita don a daidaita masa magani. Metformin kuwa, wadda ita aka fi farawa da ita kuma ga sauƙin kuɗi, kada wani bidiyo ya sa ka yar da ita.

Abin daɗi, rejim ɗin ba sai an je Faransa ba. Rabin kwano ya zama ganye: kopto na zogale, rama, kabeji, salati, miyar kuɓewa ko ta kuka. Kwata ya zama wake, awara, ƙwai, kifi ko nama. Kwatan da ya rage shi ne na tuwo, malmala ɗaya ƙarama. Gyaɗa ta fi biskit. Nono ba sukari ya fi fura mai zaƙi. Lemun kwalba, zoɓo mai sukari da shayin fada kofi uku, nan ne ɓarnar take. Kuma zuma da dabino, duk albarkarsu, suna ɗaga sukari.

Inda gizo ke saƙar shi ne: a gidajenmu tukunya ɗaya ce, kwano ɗaya ne. Mai ciwo ba zai iya shi kaɗai ba. Ya ƙi ci a wurin buki, mu ce girman kai. Ya rame kaɗan, mu fara "wane, lafiya kuwa?" Mu ne masu "ɗan ƙara loma ɗaya, ba komai." Lomar nan, shekara da shekaru, ita ke kai mutum ga makanta, ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Uwargida, ƙara ganye a cefane. Maigida, ba da kuɗin ganyen ba tare da tsaki ba. Abokan fada, ku zuba masa nasa kafin ku sa sukari, ku raka shi tattaki da marece.

Kai kuma da ba ka taɓa awo ba, je ka yi da safe kafin ka karya. In an samu giram 1,26 a lita ko fiye har sau biyu, ciwon ne, a fara kula da wuri.

Wane abinci ne ya fi ba ku wuya ku rage a gida? Ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.