Ƙarya Fure Take: Darasi Daga Shari'ar Vavilov

Tsakanin 1936 da 1938, gwamnatin Stalin ta gurfanar da manyan 'yan jam'iyyar kwaminis a Mosko bisa zargin cin amanar ƙasa, aka harbe akasarinsu. Wannan guguwa ba ta tsaya kan 'yan siyasa ba, har ɗakunan binciken kimiyya sai da ta shiga.

Nikolai Vavilov masanin tsirrai ne wanda ya zaga ƙasashe da dama, har da Habasha a 1927, yana tattara irin shuka domin rumbun iri da ke Leningirad. Burinsa shi ne a samar da irin da zai jure wa fari da cuta. Abokin hamayyarsa, Trofim Lysenko, ya ƙaryata ilimin gadon halitta da Mendel ya aza harsashinsa. A cewarsa, duk halin da aka horar da shuka a kai, 'ya'yanta za su gada. Ya yi alkawarin amfanin gona mai yawa cikin hanzari, mahukunta kuwa abin da suke son ji ke nan.

A 1940 aka kama Vavilov, aka zarge shi da leƙen asiri da zagon ƙasa. Aka yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 20. Yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen yaƙi da yunwa. A 1948 aka haramta koyar da ilimin gadon halitta, aka kori malamai masu yawa daga aiki.

A ganina, babban laifin ba kuskuren Lysenko ba ne, domin kowane masani yana iya kuskure. Laifin shi ne mayar da saɓanin ilimi cin amanar ƙasa. Gardamar da ya kamata gonar gwaji ta raba, sai aka miƙa ta ga alƙali da ɗan sanda. Alkama kuwa ba ta san umarnin jam'iyya ba. Alkawuran Lysenko ba su cika ba. Aka wanke Vavilov a 1955, aka sauke Lysenko daga muƙaminsa a 1965.

Saboda haka, ya ku malamai, idan ɗalibi ya ce, "Malam, mene ne hujja?" kada a ɗauke shi mai rashin kunya, a kai shi ga gwaji. Ku kuma ɗalibai, ku riƙa auna magana da hujjarta, ba da girman mai faɗinta ba.