Ra'ayinmu: A daina mai da kocin gida ɗan riƙon ƙwarya

Duk wanda ya zauna a majalisar masu shayi a Zongo, nan Wagadugu, ya san hirar ƙwallo ba ta yin nisa ba a ambaci Kamou Malo ba. Tsohon ɗan sanda ne da ya taka leda a ƙungiyoyin gida, ya rataye takalmi ya koma horarwa. Ya ci gasar lig ta ƙasa da Rail Club du Kadiogo a 2016 da 2017, sannan aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa, Étalons, a 2019.

A duba yanayin da ya yi aiki. Hukumar ƙwallon Afirka ta hana wasa a filin 4-Août, ya zamana wasanninmu na gida a Maroko ake buga su. Duk da haka, a neman gurbin Kofin Duniya na 2022 ba wanda ya doke yaransa a rukuninsu, har Aljeriya mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, sau biyu suna tashi kunnen doki. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kamaru kuma, ana tsakiyar wasanni sojoji suka karɓi mulki a gida, hankalin kowane ɗan wasa yana kan iyalinsa, amma suka fitar da Gabon, suka fitar da Tunisiya, sai Senegal ce ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe.

Ba mu manta da wasan neman na uku ba. Muna gaba da ci uku da nema, Kamaru ta farke duka, ta kuma yi nasara a bugun fenareti. Abin ya yi ciwo, kuma koci yana da nasa kason laifin. Sai dai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hukumar ƙwallon ƙasa ta ƙi sabunta kwantiraginsa, ta ɗauko Bafaranshe Hubert Velud, wanda a gasar da ta biyo baya Mali ta kora a zagaye na biyu. Sai a 2024 aka sake waiwayar ɗan gida, Brama Traoré.

Alhali kofin Kamarun, Aliou Cissé ne ya ɗaga shi, tsohon kyaftin ɗin Senegal da ƙasarsa ta yi wa haƙuri tun 2015. Wanda ya hana mu kofin Afirka a 2013 ma, marigayi Stephen Keshi na Najeriya, tsohon ɗan wasan ƙasarsa ne.

Wannan jarida ba ta ƙyamar baƙo. Abin da muke ƙi shi ne ma'auni biyu: baƙo ya samu lokaci da uzuri, ɗan ƙasa kuwa tuntuɓe ɗaya a nuna masa ƙofa. Tsoffin 'yan wasan da ke tara yara da yamma a filayen ƙura na Zongo, da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo, suna ganin wannan, kuma yana kashe musu gwiwa.

Muna kira ga hukumar ƙwallon ƙasa da ma'aikatar wasanni su sauƙaƙa wa irin waɗannan kuɗin kwas na lasisin horarwa, su kuma ba duk ɗan ƙasar da suka naɗa wa'adi da albashi daidai da na baƙo.