Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Kowace shekara akan samu 'yan'uwanmu mata daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura waɗanda neman ilmi yakan kai su ƙasashen waje, wasu Masar, wasu Indiya, wasu Malesiya, wasu kuma Ingila. In sun aiko da labari gida, bayan kukan tsadar haya da kewar tuwo, abin da ya fi yawan fitowa daga bakinsu shi ne wahalar samun sutura: rigar da za ta zauna wa mace daidai, ta rufe abin da take so a rufe, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin aljihun ɗaliba ba. Da yawa daga cikin samarin wannan jami'a, har da masu kiran kansu 'yan gwagwarmaya, in sun ji wannan kuka sai su yi murmushi su ce ai maganar mata ce, kwalliya ce kawai. To, mu a wannan mujalla mun ƙi yarda da wannan raini. Wanda ya bi diddigin rigar nan da ta ƙi shiga jikin 'yar Roni a wani kanti na Manchester, zai tarar da tarihin yadda aka tsiyata ƙasarmu a ɗinke cikinta.

Bari mu fara da ita rigar kantin. Mutumin Kazaure ya saba da cewa riga ita ke bin jiki: a sayo turmin atamfa, a kai wa tela, ya gwada kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo, sannan ya sa almakashi. A Turai kuwa jiki shi ke bin riga. An riga an ɗinka dubbai iri ɗaya, an liƙa musu lamba, saura ga mace ta nemi lambar da za ta cusa kanta ciki. Ina aka samo waɗannan lambobi? A Amurka, tsakanin 1939 da 1940, Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta sa aka auna mata wajen 15,000, aka buga sakamakon a 1941, kuma awon fararen mata kaɗai aka yi lissafi da shi. A kan wannan tubali aka gina ma'aunin tufafin mata da gwamnatinsu ta fitar a 1958. Su kansu masu abin sun ga bai yi ba, suka janye shi a 1983, kowane kamfani ya koma yanka son ransa. Shi ya sa rigar da ake kira lamba 12 a Ingila takan zama 8 a Amurka, 40 a Faransa, 44 a Italiya. Ashe ke nan 'yar'uwarmu da ta tsaya gaban madubi tana zargin jikinta, ba ta da laifin komai. Ranar da aka yi awon ba a gayyaci kakarta ba.

Bayan lamba sai fasali. Rigar da ta kai idon sawu sai a tarar ba ta da hannu, mai dogon hannu ta tsaya a gwiwa, wadda ta haɗa duka biyun kuwa shara-shara ce, ana hango abin da ke ƙarƙashi. Dole mace ta sayi guda uku ta jibga wata kan wata kafin ta sami suturar da telan Gwiwa zai haɗa mata da yadi shida. In hunturu ya shigo kuma ga rigar sanyi da safa da takalmin ƙanƙara, abubuwan da atamfa ba ta maye gurbinsu. Duk wannan da fam ko dala za a saya, alhali mahaifin da ke aikowa da naira yake sayar da gyaɗarsa da geronsa. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Rigar da ke rataye a kanti ba ta motsa ba, amma ga manomin Babura kuɗinta ya ninka sau uku.

Masu wayo za su ce ai akwai kantunan araha, akwai kuma saye ta intanet. Haka ne, akwai. Amma ya kamata ɗalibin jami'a ya tambayi kansa wa ke biyan cikon wannan araha. Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta kusa da birnin Dhaka na Bangladash, ya hallaka mutum fiye da 1,100, akasarinsu mata matalauta masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Da guminsu da jininsu ake rage farashi. Rigar kuma ba ta jure wanki, in ta gaji a jefa ta cikin dila, a auno mana ita gwanjo, mu je Kofar Wambai muna rububi. Wannan shi ne jari-hujja tsirara: talakan Asiya ya ɗinka, Bature ya sa ya yar, talakan Afirka ya saya da kuɗinsa.

Abin takaici shi ne mu ba baƙin sana'ar tufafi ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da saƙi da rinin ƙasar Kano ana lodinsu kan raƙuma zuwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Auduga a gonarmu, kaɗi a hannun iyayenmu mata, saƙa a ƙofar gida, rini a karofi. Turawan mulkin mallaka suka zo suka mai da mu masu noma auduga don masaƙun Lankasha. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta yi yunƙurin juya akalar, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Bompai da Sharaɗa, har ya zama a shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu fiye da ɗari. Daga nan sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai rashin wutar lantarki, sai fasa-ƙwauri ta kan iyakokin da mutanen Babura suka san hanyoyinsu sarai. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, saura suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau mafi yawan atamfar da ke Kantin Kwari daga ƙasar Sin take zuwa, mai tsadar kuma daga Holan. Jikokin waɗanda suka tufatar da Sahara sun zama 'yan kallo.

Amma akwai abu guda da bai mutu ba, shi ne tela. A Ingila, a auna mutum a ɗinka masa kaya daidai jikinsa gata ne na attajirai da 'ya'yan sarauta. A Kazaure mai sayar da ƙosai ma tana da telanta, ya san ta ƙara jiki bayan haihuwa, ya san tsawon hannun da mijinta ba zai yi magana ba. Abin da Bature ke biyan dukiya ya samu, mu muna da shi a kowane lungu. Duk da haka akwai 'yan boko a cikinmu masu ganin ɗinki aikin wanda ya kasa karatu ne, masu ƙyamar kaya in ba su ga tambarin wani kamfanin waje a wuya ba. Irin waɗannan su ne gobe za su zauna a ofis su sa hannu a sayo kayan makaranta daga ƙetare, suna kiran abin ci gaba. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

Ba mu ce teloli ba su da aibu ba. Kowa ya san alkawarin tela, musamman in Salla ta ƙarato. Yawancinsu a ka suke riƙe awo, ko a bayan kwalin sigari, in mai kaya ta yi tafiya shi ke nan an rasa. Kaɗan ne suka taɓa ɗinka yadi mai kauri na sanyi. Waɗannan duka cututtuka ne masu magani, kuma maganin yana hannun masu ilmi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ina amfanin fasahar da ba ta iya tsallaka titi ta shiga shagon tela ba?

Saboda haka muna kira da abu huɗu. Na farko, ƙungiyoyin ɗaliban Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su haɗa telolin da aka amince da su, musamman mata, cikin ƙungiyar gama kai, a buɗe littafin awo, duk ɗalibar da za ta fita waje a rubuta awonta a ajiye. In tana bukatar kaya sai ta aiko da saƙo ta waya, a ɗinka, a ba mai tafiya ko a sa a gidan waya. Na biyu, makarantun fasaharmu su auna matanmu da yardarsu, a hannun mata 'yan'uwansu, su fitar da ma'aunin da ya dace da jikinmu, su kuma koya wa teloli yanka doguwar rigar sanyi mai shafi a ciki wadda za ta hau kan atamfa. Na uku, duk hukumar da ta ɗauki nauyin karatun ɗaliba a ƙasa mai sanyi ta sa kuɗin kayan sanyi cikin lissafi, kamar yadda tallafin karatu na ƙasashen Kwamanwel yake yi. Tura yarinya cikin ƙanƙara da gyale zalunci ne, ko da an kira shi taimako. Na huɗu, 'yan'uwanmu da suka riga suka zauna can su riƙa rubuto wa masu tasowa abin da ya kamata su cika jaka da shi da abin da za su bari sai sun isa, domin nauyin da jirgi ke yarda a ɗauka ƙayyadadde ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ku kuma matasan ma'aikata da kuka fara karɓar albashi, ku sani kowace naira da kuka kashe ƙuri'a ce. In kun kai ta shagon tela a garinku, ta ciyar da gida, ta koya wa yaro sana'a. In kun miƙa ta ga dilan gwanjo, kun ƙara wa wanda ya kashe masaƙunmu ƙarfi. Al'ummar da ba ta iya tufatar da 'ya'yanta mata ba, bai kamata ta cika baki da 'yanci ba. Magabata sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. Mu ɗinka namu.