Babin "Ka" A Kundin Waƙoƙin Japan

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san yadda malami kan tsaya gaban allo yana haɗa baƙi da wasali, ɗalibai suna amsawa: ba, be, bi, bo, bu. To, a ƙasar Japan haka rubutun kansa yake. Haruffansu da ake kira kana ba su raba baƙi da wasali, kowane harafi gaɓa ce sukutum. Na asali 46 ne, an jera su cikin wani jadawali mai suna gojuon, watau sautuka hamsin, wanda malaman addinin Buda suka tsara tun da daɗewa bisa tsarin harshen Sanskrit na Indiya. Wasula biyar ke gaba, a, i, u, e, o, sa'an nan ka, ki, ku, ke, ko, har zuwa ƙarshe. Da wannan jeri ake tsara ƙamus da rajistar 'yan makaranta, da shi kuma ake tsara sunayen waƙoƙi.

Abin da ya sa jerin waƙoƙi ya zama na kowa da kowa shi ne karaoke. Cikin 1971 wani makaɗi a birnin Kobe, Inoue Daisuke, ya harhaɗa na'ura mai fitar da kiɗa babu murya, mutum ya jefa kuɗi ya ɗauki abin magana ya rera da kansa. Wani Negishi Shigeichi ya riga shi yin irinta cikin 1967, kuma babu ɗayansu da ya yi rajistar mallaka, saboda haka wasu suka ci ribar. Da abin ya game ƙasa, sai kowane ɗakin karaoke ya zama yana da littafi mai kauri kamar tubali, cike da sunayen waƙoƙi da lambobinsu. Littafin nan bai san babba ba, bai san yaro ba. Waƙar kakanni da ta jikoki suna kafaɗa da kafaɗa, in dai gaɓar farko ta haɗa su.

Babin "ka" yana cikin mafi albarka. Alamar rubutun Sin da Japanawa ke rubuta "waƙa" da ita ana karanta ta ka, kamar a kashu, watau mawaƙi. Bugu da ƙari kalmomin da mawaƙansu suka fi ƙauna nan suka taru: kawa kogi, kaze iska, kage inuwa, kanashii baƙin ciki, kaeru komawa gida.

Tsohuwar babin ita ce "Kachusha no Uta", wadda masana da yawa ke ɗauka ita ce waƙar zamani ta farko da ta karɓu a duk faɗin Japan. Cikin watan Maris 1914 wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, Geijutsu-za, ta nuna wasan da aka ciro daga wani littafin Tolstoy, marubucin nan na Rasha, a babban gidan wasa na Teikoku a Tokyo. Labarin wata baiwar Allah ce, Kachusha, wadda ɗan masu gida ya lalata ya yar, daga baya ya tsinci kansa cikin masu yanke mata hukunci. Shugaban ƙungiyar, Shimamura Hogetsu, ya sa wani saurayi da ke zaune gidansa yana karatu, Nakayama Shinpei, ya yi wa wasan kiɗa, ya ce yana son abin da zai tsaya tsakanin waƙar gargajiya da ta Turawa. Yaron ya dace, kuma wannan tsaka-tsaki shi ne tafarkin da waƙar Japan ta bi shekaru masu yawa bayansa. Wadda ta rera, Matsui Sumako, ta zama abin magana a kowane gari. Sai dai ƙarshen bai yi daɗi ba. Soyayya ce tsakaninta da Shimamura, alhali yana da mata da 'ya'ya. Marisuwar da ta addabi duniya cikin 1918 ta ɗauke shi ran 5 ga Nuwamba, ita kuwa ta rataye kanta ran 5 ga Janairu 1919, wata biyu cif, tana da shekara 32. Ta bar wasiyya a binne ta tare da shi, ba a cika mata ba.

In an gangara kaɗan za a ga "Kage wo Shitaite", watau begen inuwa, ta Koga Masao, wadda muryar Fujiyama Ichiro ta ɗaukaka cikin 1932. Daga jitar Koga ne aka sami tushen salon nan mai sosa zuciya da ake kira enka.

Amma inda babin ya fi nauyi shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta faɗi cikin 1945, mutanenta fiye da miliyan shida, soja da farar hula, suna warwatse a Sin da Koriya da tsibiran teku, sai da aka kwaso su cikin jirage. "Kaeribune", jirgin komawa gida, wadda Tabata Yoshio ya rera cikin 1946, tasu ce. Waɗanda suka sauka sun ji ta sun yi kuka. Akwai kuma waɗanda ba su sauka ba. Sojan Rasha sun kwashe Japanawa kusan 600,000 zuwa aikin dole, yawancinsu a Sibiriya, fiye da 50,000 suka mutu can saboda sanyi da yunwa. Tashar jiragen Maizuru ita ta yi ta karɓar masu dawowa har 1958. Wata dattijuwa mai suna Hashino Ise takan taso tun daga Tokyo duk lokacin da aka ce jirgi zai iso, ta tsaya bakin gaɓa tana duban fuskoki ko za ta ga ɗanta. Labarinta aka mayar waƙa, "Ganpeki no Haha", uwar bakin gaɓa, Kikuchi Akiko ta rera cikin 1954, Futaba Yuriko ta sake rayar da ita cikin 1972. Dattijuwar ta rasu cikin 1981 ba ta sa ɗan a ido ba. Mai karatu zai ce ai wannan da "ga" ta fara. Gaskiya ne, amma Japanawa suna rubuta "ga" da harafin "ka" ne, su ɗiga masa ƙananan alamu biyu a kafaɗa, don haka babi ɗaya suke kwana. Jirgin da ya dawo da uwar da ta jira a banza, shafuka kaɗan ne tsakaninsu.

Har Afirka ta leƙo cikin babin. "Kasuba no Onna" ta 1955 labarin wata mace ce a mashayar tsohuwar unguwar Kasba ta Aljeriya da wani sojan haya na Faransa. An yi ta ne ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, amma waƙar ba ta damu da Aljeriyawa ba, ƙasarsu labule ne kurum da aka rataya bayan masoya.

Zuwa 1973 Japan ta yi arziki, kuka ya sake kama. "Kandagawa" ta ƙungiyar Kaguyahime tana maganar saurayi da budurwa matalauta a wani ɗan tsukukun ɗaki kusa da kogin Kanda a Tokyo, masu zuwa gidan wankan haya cikin sanyi. Ɗaliban da suka gaji da zanga-zangar shekarun baya suka rungume ta. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, NHK, yana da gasar waƙa ta daren ƙarshen shekara, Kohaku, wadda shigarta ita ce burin kowane mawaƙi. Aka gayyaci ƙungiyar bisa sharaɗin su canza kalma ɗaya, sunan wani alli mai launi na wani kamfani, domin gidan ba ya talla. Suka ce a kai kasuwa. Sai cikin 1992 jagoransu, Minami Kosetsu, ya rera ta a gasar, kalmar tana nan daram.

Littafin nan mai kauri ya ja baya tun farkon shekarun 2000, aka maye gurbinsa da 'yar na'urar hannu wadda mutum kan taɓa ta kawo masa abin da ya nema. Sauƙi ya samu, babu musu. Amma mai nema da na'ura abin da ya sani kaɗai yake samu. Mai buɗe shafi kuwa, garin neman waƙar bana, idonsa kan faɗa bisa sunan da bai taɓa ji ba, ya tambayi tsohon da ke gefensa, tsoho ya ba shi labarin Maizuru. Wannan hasara ce, ko da ba a lissafa ta cikin ciniki.

Da za a naɗa wa babin sarauniya, babu mai ja da Misora Hibari. An haife ta a Yokohama cikin 1937, ubanta mai sayar da kifi ne. Faifanta na farko, cikin 1949, "Kappa Bugi-Ugi" ne, waƙar raha kan wani dodon ruwa na tatsuniyoyinsu. Cikin shekarar nan kuma, tana 'yar shekara 12, ta fito a fim sanye da baƙar kwat da doguwar hula ta rera "Kanashiki Kuchibue", fito mai ban tausayi, mutanen da ke zaune cikin kangaye suka ɗauke ta tamkar 'yar cikinsu. Cikin 1966 ta fitar da "Kanashii Sake", giyar baƙin ciki, mai kiɗan Koga Masao, wadda aka san ta da zubar da hawaye in tana rera ta. Ciwo ya kwantar da ita cikin 1987, har mutane suka fara fid da rai. Cikin Afrilu 1988 ta miƙe ta cika sabon filin Tokyo Dome, ta rera waƙa 39 ƙafafunta da ƙyar suke ɗaukarta.

Faifanta na ƙarshe da ta gani da idonta shi ne "Kawa no Nagare no Yo ni", kamar gudun kogi, wadda Akimoto Yasushi ya rubuta yana zaune a birnin New York. An so a fitar da wata waƙar dabam, ita ta nace sai wannan. Ta fito ran 11 ga Janairu 1989, kwana huɗu bayan rasuwar Sarki Hirohito, wanda aka yi yaƙin da farfaɗowar duka a zamaninsa. Ran 24 ga Yuni na shekarar Hibari ta bi shi, tana da shekara 52. Gwamnati ta ba ta lambar girmamawa ta jama'ar ƙasa bayan rasuwarta, ita ce mace ta farko da ta same ta. Cikin 1997 NHK ta nemi jama'a su zaɓi waƙar da ta fi zama a zukatansu, waƙar kogin ce ta zo ta ɗaya.